Barin birni a koma ƙaramin gari: yadda ake aunawa kafin a ɗaure kaya

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, babu tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga magidanta mazauna Kano, Kaduna da Abuja kamar wannan: "Malam, mai gida ya sake ƙara haya, cefane ya gagara, ko in kwashi iyali in koma gida ne?" Wasu garinsu na haihuwa suke nufi. Wasu kuma ko'ina ne, in dai da sauƙi. Amsar da ta dace da wani tana iya jefa wani a rami, shi ya sa na tattara hanyar binciken wuri guda, kowa ya auna da kansa.

Da ƙaramin gari ina nufin irin hedikwatar ƙaramar hukuma: Bichi, Rano, Gaya, Ringim, Gumel, Kazaure, Malumfashi, Dutsin-Ma da ire-irensu. Wato gari mai kwalta, da babban asibiti, da kasuwar mako, da hakimi ko sarki. Mai niyyar shiga ƙauye can cikin lungu, duk gargaɗin da ke ƙasa ya ninka shi biyu.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu da biro, waya mai cin layi biyu, kuɗin motar zuwa da dawowa kamar sau uku, da haƙurin wata shida zuwa shekara. Ka bi matakan a jere, domin kowanne yana iya kashe maganar tun kafin ka ɓarar da kuɗi a na gaba.

1. Daga ina kuɗi zai riƙa shigowa?

Yawancin masu tambaya da arhar haya suke farawa, kuma daga nan lissafi ke karkacewa. Haya sau ɗaya ake biya a shekara, abin sawa a tukunya kuwa kullum ake nemansa. Ka buɗe shafin farko ka rubuta duk ƙofofin da kuɗi ke shigo maka yanzu, har da na uwargida. A gaban kowacce ka sa alama: za ta bi ka, za ta ragu, ko za ta rufe ranar da ka bar birni.

Ɗan fansho da mai aikin da ake yi ta intanet su ne suka fi kowa cin ribar ƙaura, tunda samunsu bai san inda suke kwana ba. Ma'aikacin jiha, kamar malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya, yana iya neman a mayar da shi can.

Gargaɗi: kada ka ɗaga ko tabarma sai takardar canjin wurin aiki ta shigo hannunka. "Oga ya yi mini alkawari" ba takarda ba ce. Ka kuma yi wa kanka adalci, albashi ne ke riƙe da gidanka ko buga-bugar gefe? Da yawa darasin yamma da suke koyar da 'ya'yan masu hali, ko jan adaidaita ranar Asabar da Lahadi, shi ke ciyar da su. Irin wannan samun a birni yake zama.

Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu su ne ya kamata su fi daɗewa a wannan shafi. A birni ciniki na kullum ne. A ƙaramin gari kuɗi lokaci gare shi: ranar kasuwa, ƙarshen wata idan an yi wa ma'aikatan ƙaramar hukuma albashi, sai kuma kaka idan manomi ya cire amfani. Tsakanin waɗannan, bashi ne. "Rubuta, sai an yi albashi." "Ka yi haƙuri, sai mun yanke gero." Kuma masu faɗin haka mutanen da kuke sahu ɗaya da su ne a masallaci, hana su yana da nauyi. Ka zagaya ka ƙirga shagunan da ke irin sana'arka. Idan sun yi yawa ka san matsayinka. Idan babu ko ɗaya kada ka yi saurin murna, ka tambayi dattawan kasuwa ko an taɓa buɗewa aka rufe, da dalilin rufewar.

Garuruwan da ke da manyan makarantu, irin su Wudil, Dutsin-Ma, Kafin Hausa, Kazaure da Bichi, suna da kasuwar ɗalibai: abinci, hayar ɗakuna, buga takardu, cajin waya. Tana da kyau, amma tana tafiya hutu tare da ɗaliban. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ya jingina da ɗalibai a garuruwan da abin ya shafa ya ji a jikinsa.

Sai masu cewa "ai noma zan koma". Noma sana'a ce mai cin jari kafin ta ba ka ƙwaya ɗaya: hayar gona, huɗa, iri, taki, maganin feshi, 'yan ƙwadago. Inda noman rani ya zauna da gindinsa, kamar Kura, Kadawa, Bunkure da Garun Malam masu shan ruwan Tiga, ko Auyo a kwarin Haɗeja, gona ba ta da arha ko kaɗan. Ga kuma abin da ba a shirya masa ba: tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a 2016, waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar 2024 suka ɓoye kuma farashi ya karye musu a 2025. Wanda bai taɓa noma da kuɗinsa ba, kada ya sa amfanin shekarar farko cikin lissafin ciyar da gida.

Idan ka gama shafin ka ga abin da zai bi ka bai kai rabin abin da kake samu yanzu ba, kuma babu tabbataccen madadi, ka rufe littafin. Lokaci bai yi ba.

2. Zauna da uwargida tun yanzu

Ba sanarwa za ka yi mata ba, shawara za ku yi, kuma tun kafin maganar ta fita waje. Kai za ka fita da safe ka yi majalisa, ka shiga birni idan ta kama. Ita ce za ta wuni da ruwan da babu, da murhun itace idan gas ya ƙare, da dangin miji idan garinku ne. Idan tana da sana'ar cikin gida, ɗinki ko kitso ko sayar da atamfa ta WhatsApp, ku duba tare ko masu sayenta suna can. Ku yi magana a fili kan nisan da za ta yi da iyayenta, da sau nawa za ta riƙa zuwa ganin gida, a sa kuɗin motar cikin lissafi.

Gargaɗi: idan garinku ne kuma akwai gidan gado da ɗaki a buɗe, kada arha ta ja ka ka zuba iyalinka cikin babban gida ba tare da yardarta ba. Matar da ta shekara goma tana dafa tukunyarta ita kaɗai, zama da faccaloli da uwar miji a tsakar gida ɗaya ba ƙaramin sauyi ba ne. Aure da yawa a nan ya fara tsami.

3. Tace garuruwa da tsaro da ambaliya

Waɗannan biyun ba a ciniki a kansu. Garin da ya faɗi ɗaya daga ciki, ka cire shi ko da kyauta za a ba ka gida.

Kowa ya san halin da sassan Zamfara, gabashin Sakkwato, Birnin Gwari da yammacin Katsina suka shiga. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara, a Satumbar 2021 kuma aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Amma matsalar tana matsawa, garin da yake lafiya bara yana iya zama wani abu bana, don haka labarin rediyo kaɗai bai isa ba. Idan ka ce wa ɗan gari "akwai tsaro?" zai ce maka "lafiya lau, alhamdu lillahi", domin ba mai son kushe garinsu. Ka sauya tambayar. Ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi daga tasha, kuma direbobi suna yarda su bi hanyar bayan magariba? Manoma suna zuwa gonakinsu na nesa, ko an bar su sun zama saura? Masu kuɗin garin da manyan ma'aikata a garin suke kwana, ko sun mayar da iyali birni suna zuwa da rana? Makarantun firamare sun taɓa cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyuka? Direbobin tasha da 'yan acaɓa sun fi kowa faɗin gaskiya a nan, saboda su ke kan hanya.

Ka tuna kuma wanda ya dawo daga birni da mota da eriyar talabijin a kan rufi, kallon mai kuɗi ake masa ko da bashi ne ya koro shi.

Ambaliya kuwa tana barin shaida. A 2022 ruwa ya yi ɓarna sosai a Jigawa, musamman garuruwan da ke bin kogin Haɗeja irin su Ringim, Auyo da Haɗeja kanta. Idan kana duba unguwa, ka kalli gindin katangu: layin da ruwa ya tsaya yana nan ko an yi fenti. Ka lura da gidajen da aka ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, da buhunan yashi da suka ruɓe a bakin lungu, da kusancin gidan da kududdufi.

4. Je ka kwana, a lokacin da garin ya fi muni

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da ziyarar Sallah. Ranar Sallah kowane gari aljanna ne: 'yan birni sun dawo, an yi yanka, hakimi ya hau. Kai kuwa talatar da ba kowa za ka zauna a cikinta.

Ziyara uku nake ba da shawara, kowacce da kwana aƙalla biyu. Ta farko a tsakiyar bazara, wajen Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Ta biyu a cikin marka, watan Agusta, don ka ga hanya da lunguna da sauro. Ta uku ka haɗa ranar kasuwa da washegarinta. Wanda ya ga Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis zai ɗauka kullum haka ake, sai ya kwana ya ga rumfuna wayam, awaki na kiwo a inda aka yi cinikin miliyoyi jiya.

Ruwa. Ka tashi bayan sallar asuba ka je bakin burtsatsen unguwar da kake so. Idan ka tarar jarkoki sun yi layi tun daga bakin famfo har sun sha kwana, yara sun sa duwatsu suna riƙe wa iyayensu wuri, 'yan garuwa sun jingina kurarsu suna jiran a tayar da inji, ka sami amsarka. Ka tambayi kuɗin jarka a bazara, ba a damina ba, ka ninka da yawan da gidanka ke sha a rana. Ka ɗanɗana ruwan, ka wanke hannu da sabulu ka ga ko yana kumfa, domin wasu wuraren ruwansu na da zartsi.

Wuta. An kasa masu amfani da lantarki rukuni biyar: rukunin A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, sauran aka bar su da rahusa, amma rahusar wutar da ba ta zuwa ba ta da amfani. Kada ka tsaya kan abin da ke rubuce. Ka tambayi mai walda, mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara yaushe rabonsu da wuta, kuma idan taransifoma ta ƙone wata nawa ake yi kafin a gyara, wa ke haɗa kuɗin. Idan sana'arka ko maganin wani a gidanka yana buƙatar firji, ka sa kuɗin sola cikin kuɗin ƙaura tun yanzu.

Sabis. Ka gwada layukanka a cikin ɗakin da za ka kwana, ba a bakin titi ba, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau. Mai aiki ta intanet ya yi kiran bidiyo na minti goma, ya tura babban fayil. Ka duba ko akwai reshen banki a garin. Inda babu, duk kuɗin da za ka taɓa sai ka biya mai POS ladansa, kuma waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun san yadda garin da ba banki ke zama idan tsabar kuɗi ta ɓace.

5. Asibiti da makaranta

Ginin asibiti ba shi ne asibiti ba. Ka je babban asibitin garin da dare, ko ranar Asabar, ka ga wa ke nan. Likita nawa ne, kuma a garin suke kwana ko daga birni suke zuwa? Ana yi wa mai naƙuda tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, ko tura ta ake yi? Akwai wurin ajiyar jini? Akwai maganin saran maciji? Sannan ka auna tafiyar da ke tsakaninka da asibitin da ake turawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, ko na Shika da ke Zariya, ko asibitocin tarayya da ke Birnin Kudu, Azare da Nguru. Ka auna ta da ƙarfe biyun dare a watan Agusta, kuma ka san motar wa za ka buga wa ƙofa.

Gargaɗi: gidan da ke da mai sikila, ko mai ciwon suga da ke allura, ko mai wankin ƙoda, ko matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, wannan mataki shi ne alƙali. Idan tafiyar ta wuce awa ɗaya, ni dai ba zan ba da shawarar a tashi ba. Mai inshorar lafiya kuma ya tabbatar akwai asibitin da ke karɓar katinsa a can, ya nemi a sauya masa kafin ya tashi.

Makaranta ma haka. Ka shiga ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga yaran aji ɗaya, ka roƙi malami ya bar wani ɗan aji huɗu ya karanta maka sakin layi. Makarantun kuɗi na ƙananan garuruwa sun fi na birni arha nesa ba kusa ba, sai dai malamansu ba sa daɗewa. Ta fuskar allo da Islamiyya kuwa sau da yawa garin ya fi birni, kuma yaro yana tafiya da ƙafarsa ba kuɗin adaidaita. Tunda jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, ka tambayi inda cibiya mafi kusa take. Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare kada a cire shi, a bar shi wurin ɗan'uwa ya gama, domin rajistar WAEC da NECO a makarantarsa take.

6. Lissafin shafi biyu

Yanzu ne lokacin maganar haya. Ka raba takarda biyu, birni a dama, garin a hagu, ka cike da farashin da ka ji da kunnenka, na shekara guda cur.

Abin da ke sauka: haya, kuɗin makaranta, zirga-zirgar cikin gari, hatsi idan ka saya da kaka ka ajiye, nama, itace da gawayi, kayan miya a lokacinsu. Abin da ba ya sauka, wani lokaci ma ya hau: duk abin da mota ke kawowa daga birni, wato sukari, man girki, sabulu, madarar yara, magani, siminti, gas. Fetur ma ya fi tsada a inda gidan mai ɗaya ne ko biyu.

Sai layin da mutane ke mantawa da shi, kuɗin shiga birni. Ga misali, da alƙaluman da na ɗauka don nuna yadda ake yi kawai, kai ka sa naka. A ce hayarka a Kano naira 600,000 ce, a garin kuma ka sami irin gidan a 200,000. Ka tsira da 400,000, wato kusan 33,000 a wata. To a ce aikinka ko saro kaya yana sa ka shiga Kano sau uku a mako, kowace tafiya da dawowa har da adaidaita ta ci 5,000. Ka kashe 15,000 a mako, 60,000 a wata, 720,000 a shekara. Ribar hayar ta tafi, ka ciko da 320,000 daga aljihu, ga gajiya ga haɗarin hanya. Idan kuwa sau ɗaya a wata za ka shiga, 60,000 ce a shekara, ƙaurar ta biya. Gida ɗaya, gari ɗaya, amma amsa biyu.

Gargaɗi: ka gwada lissafin da kuɗin mota ya ninka. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura 500 cikin kwanaki bayan janye tallafi, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Tsarin da ba zai jure ƙarin kuɗin mai ba, ba tsari ba ne.

A ƙasan shafin ka rubuta kuɗin da za a kashe sau ɗaya: motar kaya, la'adar dillali, gyaran gida, rajista da sabon yunifom na yara, sola ko inji, tankin ruwa. Ka raba wannan jimla da abin da za ka riƙa tsira da shi a wata, ka ga wata nawa za a yi kafin ƙaurar ta mayar da kuɗinta. Idan ya wuce shekara biyu, ribar ta yi siriri.

7. Garinku ne ko baƙunta za ka yi?

Kowanne da harajinsa. A garinku ba ka buƙatar mai gabatar da kai, akwai mai riƙe maka yara, akwai gonar gado wataƙila. Amma hidimar da kake aikawa da ita ta waya sau ɗaya a wata, yanzu a ƙofar gidanka za ta riƙa sallama. Biki, suna, ta'aziyya, kuɗin maganin gwaggo, kuɗin jarrabawar ɗan ƙane, gudummawar gyaran masallaci. A birni kana iya cewa ba ka ji ba. A gida an ga hayaƙin kicin ɗinka. Ba ina cewa a guje wa zumunci ba, lada ne, amma a ba shi layinsa a cikin lissafi, a kuma yanke masa iyaka tun watan farko, don abin da ka saba da mutane a kai shi za su riƙe.

Baƙo kuwa ya huta da wannan, sai dai shi ba shi da kowa ranar da ta ɓaci. Ka nemi mutumin kirki ɗan gari ya kai ka wurin mai unguwa ka gabatar da kanka, ka faɗi sana'arka da inda ka fito. A halin da ake ciki yanzu, baƙon da ya sauka shiru zargi yake jawo wa kansa. Ka riƙe masallacin unguwa, ka je jana'iza ko ba ka san mamacin ba. Siyasar gari da rigimar sarauta kuwa, ka zama kurma shekarar farko.

8. Haya tukuna, saye daga baya

Ko kana da kuɗin fili a hannu, ka kama haya ta shekara ɗaya. Gida a ƙaramin gari yana da sauƙin saye, yana da wuyar sayarwa. Idan zama bai yiwu ba, mai haya makulli kawai zai miƙa, mai gini kuwa sai ya shekara yana neman wanda zai taya.

Gargaɗi mafi girma a wannan jagorar: kada ka sayar da gidanka na birni don ka yi wannan ƙaura. Ka ba da shi haya, kuɗin ya riƙe ka a can. Wanda ya sayar da gida a Kano ko Kaduna, da wuya kuɗin ya sake saya masa irinsa bayan shekara uku.

Idan shekara ta zagayo ka ga za ka zauna, sai a yi maganar fili. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke ba da takardar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Hedikwatar ƙaramar hukuma tana iya faɗawa ko'ina cikin biyun, don haka ka je sashen filaye ka tambaya kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Ka binciki asalin filin. Idan na gado ne, an raba a gaban alƙali? Duk magada sun yarda, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari? Rigimar fili da yawa daga ƙanwar da ba a tambaya ba take tasowa, bayan ka kai gini linta. Ka tabbatar ba burtali ba ne, ba filin makaranta ko maƙabarta ba, ba kuma hanyar ruwa ba. A yi ciniki gaban mai unguwa da dagaci da maƙwabtan filin ta kowace kusurwa, a rubuta, shaidu su sa hannu, safiyo ya auna a kafa duwatsu. Kuɗi kuma ta banki, don ya bar sawu.

9. Gwaji, sannan tashi

Idan da hali, ka riga iyali zuwa da wata biyu ko uku. Ka kama ɗaki, ka fara sana'ar, ka ga ko abin da ka rubuta a shafin farko gaskiya ne. Kada ka saki shagonka ko hayarka ta birni sai gwajin ya nuna. Ka kuma ware kuɗin cefanen wata uku da kuɗin motar dawowa, ka sa su inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Ku rubuta sharuɗɗan fasawa kai da uwargida tun kafin a tashi: idan samu ya kasa kaza har wata shida, idan aka kai hari a ƙauyen da ke kusa, idan karatun yara ya ja baya a zango biyu. Amfanin rubutawa shi ne, idan lokacin ya zo kunyar "me mutane za su ce" ba za ta riƙe ka ba.

Lokacin tashi biyu ne masu kyau. Ƙarshen dogon hutu, don yara su fara sabon aji a Satumba, in dai hanyar kwalta ce har ƙofar gida. Ko kuma hutun Disamba, lokacin da ƙasa ta bushe, hatsi ya yi arha, za ka iya sayen buhunan shekara kana sauka. Ka daidaita da ƙarewar hayarka don kada ka biya gida biyu.

Wajen motar kaya, ka je tasha da kanka ka yi ciniki da direba a gaban shugabannin tasha, a faɗa a fili ko kuɗin ya haɗa da lodi da saukewa da abin da ake bayarwa a hanya. Rabi kafin a tashi, rabi bayan an sauke. A fita da sassafe don a isa da rana, wani naka ya zauna a gaban motar. Takardun makaranta, katin asibiti, takardun gida da 'yan kunnen uwargida su bi ku a motar da kuka shiga, kada su hau bayan akori-kura. Ka karɓi takardar canjin makaranta ta kowane yaro kafin ranar, ka biya bashin wuta da na mai shago a tsohuwar unguwa, sannan cikin makon farko ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumar ka tambayi lokacin da ake karɓar masu mayar da katin zaɓe.